Alhakin Da Aka Ɗauka A Kan Iyaka

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fitar da 'yan Adam daga tsatso guda, Ya kuma hana zalunci a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata tambaya da ta cancanci mai hankali ya zauna ya yi mata tunani. Idan al'umma ta kau da kai aka zalunci mutanen gefe, watau talakawan da ke zaune nesa da fada da alƙali da babban masallaci, shin wannan zalunci ya kan tsaya can inda aka aikata shi, ko kuwa ya kan biyo sawun masu shi har cikin gida? Ba sai an haye teku ba kafin a sami amsa. Tana nan a tarihin yankin da ya taso daga Gwiwa da Roni, ya ratsa Kazaure, ya dangana da Babura da Kanya Babba, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa ta yau. Abin da ya gudana a wannan yanki da makamantansa cikin kimanin shekara 70 kafin Yaƙin Basasar Kano na 1893 wa'azi ne wanda bai tsufa ba.

Ƙasa Tsakanin Sarakuna

Wanda ya bi hanyar Kazaure zuwa Babura a yau, gonakin gero da dawa da gyaɗa zai gani, da garkunan shanu. A ƙarni na 19 kuwa wannan ƙasa bakin daula ce, inda ikon wani sarki ke ƙarewa na wani ya fara. A kudu ga Kano, mai biyayya ga Sakkwato. A yamma ga Katsina. A arewa ga ƙasar Daura, wadda jihadi ya raba uku: Fulani suna riƙe da birni, zuriyar sarakunan da kuwa sun kafa gadajensu a Zango da Baure, Bauren nan da ke maƙwabtaka da Babura. Bayansu ga Damagaram mai mazauni a Zinder, wadda ke bin Barno. A gabas ga Gumel, ita ma ta Barno ce. Can arewa maso yamma kuma ga Maraɗi, inda sarakunan Katsina na da suka sake kafa mulki, ba su kuwa fid da ran komawa birninsu ba.

Ita kanta Kazaure cikin ƙurar yaƙi aka haife ta. Ɗan Tunku wanda ya kafa ta yana daga cikin waɗanda suka yi jihadi, amma da aka naɗa Ibrahim Dabo Sarkin Kano a 1819 sai ya ƙi bin sa, aka yi shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar wa Kazaure sarautarta. Ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824, ya yi mulki har 1857. Abin lura a nan shi ne, tun jihadi bai cika shekara 20 ba, masu alƙibla ɗaya da shugaba ɗaya sun fara zare wa juna takobi a wannan iyaka.

Manomin kan iyaka ba ya fita gona da fartanya kaɗai, sai ya rataya kwari da baka. Garuruwa su kan kewaye kansu da ganuwa ko kafi da sarƙaƙiyar ƙaya, a sa yaro a kan doguwar bishiya yana duban ƙura. Sarakunan Kano sun kakkafa ribaɗi, watau garuruwan tsaro masu dakaru, don tare hanyar mahara. Duk da haka hari bai yanke ba. Da kaka ta yi, an cika rumbuna, ƙasa ta bushe doki ya sami wurin takawa, sai a wayi gari an kewaye ƙauye tun da asuba. Wanda ya yi tsayayya a kashe shi, tsoho a bar shi cikin toka, mata da yara da samari a sa su a igiya. Kafin labari ya kai fada an riga an tsallaka da su.

Wannan al'amari ya wuce fashi, ya zama ciniki mai tsari. Da bawa a ke sayen doki da bindiga, da doki da bindiga kuma a ke kamo wani bawan. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya tara bindigogi har da igwa, Zinder kuwa tana kan hanyar ayarin da ke bi ta Agadas zuwa Tarabulus. Baturen nan na Jamus, Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa bayin da a ke fitarwa daga birnin kowace shekara sun kai kimanin 5,000, ban da waɗanda a ke tsarewa a gidaje da rumada. Har cikin gaisuwar da sarakuna ke aika wa Sakkwato a kan sa bayi.

Kada kuma a ɗauka ɓangare ɗaya ne mai kai hari, ɗaya mai haƙuri. Yadda dawakin Damagaram da na Maraɗi ke shigowa, haka na Kano da na Katsina ke fita. A kudu maso gabas Ningawa sun addabi ƙasar Kano, alhali tushen mulkin Ningi wasu malamai ne, su Malam Hamza, da suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano wajen 1846 saboda saɓani da hukuma a kan haraji. A gabas Sarkin Haɗejiya Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye, ya yi ta cin garuruwan maƙwabtansa Musulmi har ya mutu a 1863. To, ga abin da ke ɗaure kai: waɗannan sarakuna masu salla ne, da limamansu da alƙalansu, da yawa daga waɗanda a ke kamawa kuma masu salla ne. Ta ina aka bi har mai alwala ya sa wa mai alwala mari?

Abin Da Malamai Suka Faɗa

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Fiƙihun wancan zamani bai haramta bauta ɗungurungum ba, kamar yadda dokokin sauran al'ummu suka daɗe ba su haramta ta ba. Amma ƙofar da ya bari ƙunƙuntacciya ce ƙwarai: wanda aka kama a yaƙin da shugaba ya ɗaura bisa ƙa'ida da mutanen da ba Musulmi ba kuma ba su da amana, sai wanda aka haifa cikin bauta. Ko a nan ma shugaba na da zaɓin ya saki kamamme kyauta ko ya karɓi fansa. Musulmi ɗa ba ya bautuwa ko ta halin ƙaƙa. Wanda ba Musulmi ba amma ya shiga amana yana biyan jiziya, kamar Maguzawan ƙasar Kano, shi ma haramun ne a taɓa jininsa ko 'yancinsa. Ƙofofin fita kuwa a buɗe su ke ta ko'ina. 'Yanta wuya na cikin kaffarar rantsuwa, da ta zihari, da ta kisan kuskure. Suratut Tauba ta ware kaso daga zakka domin fansar bayi, Suratun Nur ta umurci iyayengiji su ƙulla yarjejeniyar fansa da bawan da ya nema, Suratul Balad kuma ta sa 'yanta wuya a farkon ayyukan da a ke haye tudun tsira da su. Saboda haka ne malaman fiƙihu suka ce asalin ɗan Adam ɗiyauci ne, bauta aba ce mai bijirowa daga baya.

Imamu Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, inda aka ambaci mutum uku waɗanda Allah da kansa zai zama abokin shari'arsu ranar Alƙiyama. Ɗaya daga cikinsu shi ne mutumin da ya kai ɗa kasuwa, ya karɓi kuɗinsa ya ci. Mai hankali ya tsaya a nan. Kowane mai laifi fatansa Alƙalin wannan rana Ya ji tausayinsa. To, ina makomar wanda Alƙalin ne da kansa ke ƙararsa?

Malam Ahmadu Baba na Timbuktu, wanda shi kansa ya ɗanɗani ƙangi sa'ad da rundunar Maroko ta ci ƙasarsa aka tafi da shi Marrakesh, ya rubuta littafinsa Mi'irajus Su'udi a 1615, yana amsa tambayar mutanen Tuwat game da bayin da a ke kai musu daga ƙasashen baƙar fata. Ya bayyana musu cewa launin fata ba ya wajabta bauta, ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda ba ya halatta a mallaki mutanensu, ya kuma koka cewa sarakunan waɗannan ƙasashe su kan kai wa juna hari su kama 'ya'ya su sayar. Ashe cutar ta girmi jihadi da kusan shekara 200.

Wannan cuta na cikin abubuwan da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya tashi yaƙa. A ƙarshen 1803 mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka ci Gimbana, garin Malam Abdussalami, suka kamo Musulmi suka biyo da su ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka tare su suka kwance 'yan'uwansu. Wannan na cikin musabbabin hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A cikin Wasiƙatu Ahlis Sudan kuma Shehu ya tabbatar da haramcin bautar da 'ya'ya Musulmi, ko suna zaune a ƙasar Musulunci ko a ƙasar abokan gaba. Watau daular da aka kafa, ɗaya daga cikin tubalanta kwance igiyar mutanen Gimbana ne.

Yadda Suna Ya Zama Tarko

Tun da doka ta fito fili haka, mai son cin kuɗin ɗa ba shi da hanya sai ɗaya, ita ce ya sake wa ɗan suna. Ba wanda ya taɓa miƙewa ya ce halal ne a sayar da Musulmi. Abin da a kan ce shi ne: ai waɗannan ba Musulmin kirki ba ne, garinsu na bin abokan gaba, wanda ya taimaki abokan gaba kuwa hukuncinsu ɗaya, sarkinsu ɗan tawaye ne, suna bori, suna yanka a gindin tsamiya. Da an maƙala wa gari ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, shi ke nan, mutanensa sun koma ganima.

Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno ya hangi wannan tun da wuri. A wasiƙun da ya yi ta musaya da Sakkwato tun daga wajen 1808, waɗanda Muhammadu Bello ya kawo a cikin Infaƙul Maisuri, ya nemi a faɗa masa hujjar da a ke yaƙar masu salla da azumi da ita, a ke kuma bautar da 'ya'yansu, ya nuna cewa saɓo daban, kafirci daban. Bello ya mayar da amsa da nasa hujjojin, masu ilmi kuma har yau suna nazarin wannan muhawara. Amma ko a cikin gida an sami mai kuka. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda son mulki da tara dukiya da ƙwaraƙwarai ya shiga zukatan wasu mayaƙa, har ya bar rundunar a 1807 da niyyar tafiya gabas. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami don ya koya musu mulki bisa shari'a.

A kan iyaka wannan tarko ya fi kamu. Ƙauyen da ke tsakanin Babura da Baure, alal misali, ba shi da ikon zaɓen ubangida. Wanda ya zo da dawaki ya nemi hatsi dole a ba shi. In an ba na arewa, na kudu ya ce sun ci amana. In an ba na kudu, na arewa ya ce mutanen Fulani ne. Ta kowace fuska talaka ya cancanci igiya a idon wani. In kuwa an kai shi kasuwa mai nisan kwana 20, ya ɗaga murya ya yi kalmar shahada, ya karanta Fatiha, wa zai tsaya masa shaida? Dillali na jiran la'adarsa, mai saye ya riga ya ƙirga wuri, mai kamu yana da sarki a bayansa. An sami alƙalai masu tsoron Allah da suka 'yanta irin waɗannan, an kuma sami dangi da suka bi sawu suka fanshi nasu, amma waɗanda aka kwance ba su kai waɗanda aka ɗaure ba.

Hanzari uku a kan kawo don a kwantar wa zuciya da hankali. Na farko na mai hari ne, shi ne ramuwa: su suka fara, bara sun kwashe mana mata. Amsarsa ita ce, ramuwa a kan mai laifi ta ke, Alƙur'ani kuwa ya maimaita a surori da dama cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin laifin wani. Yarinyar da aka kama a bakin rijiya ba ita ta kai harin bara ba. Na biyu na mai saye ne: ban kama kowa ba, da kuɗina na saya. Amsarsa ita ce, ciniki ba ya tsarkake abin da asalinsa ƙwace ne. Wanda ya sayi akuyar sata yana sane ba ta zama tasa ba, balle ɗan mutum. Daɗin daɗawa, in babu mai saye babu mai hari, domin kasuwa ce ke aika doki daji. Na uku na malami ne, shi ne ya fi sauran laushi, ya kuma fi su haɗari: ba a tambaye ni ba, faɗa wa sarki gaskiya kuma ta da fitina ne. Amma shirun malami a gaban ɓarnar da kowa ke gani fatawa ce. Barden da ya ga liman ya karɓi baiwa a matsayin sadaka daga ganimar garin masu salla, wace hujja kuma zai nema bayan wannan?

Ranar Da Wutar Ta Shigo Gida

Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umurni a naɗa ɗan marigayin, Galadima Tukur, ko da ya ke da yawa daga 'ya'yan sarki da hakimai sun fi karkata ga Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice daga birni suka yi sansani a Takai, ƙasa ta rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa. Yusufu ya rasu a 1894 yaƙi bai ƙare ba, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano a cikin wannan shekara. Tukur ya janye zuwa Kamri ta wajen iyakar Katsina, a 1895 aka ci shi da yaƙi a Tafashiya, ya rasa ransa.

Lalle wannan rikici na gadon sarauta ne, ba a kan bauta aka yi shi ba. Amma halin da aka yi shi da shi daga kan iyaka aka ɗebo shi. Tukur da Yusufu 'ya'yan wa da ƙane ne, dukkansu jikokin Dabo. Garuruwan da aka ci garuruwan Kano ne, masu masallatai da makarantun allo. Duk da haka kowane ɓangare ya kira ɗaya ɗan tawaye, da wannan suna aka kashe, aka ƙone, aka kama 'ya'ya aka sayar. Ba a bukaci sabuwar hujja ba, tsohuwar aka juyo da bakinta gida. Bardawan da suka tashi suka ga kamun mutum shi ne ladan fita yaƙi ba su manta sana'arsu ba don kawai abokin gaba ya zama Bakano. Wani Baturen Ingila mai suna Robinson, wanda ya zauna a Kano daga ƙarshen 1894 zuwa farkon 1895, ya rubuta cewa a zamansa an shigo birni da kamammu kimanin 1,000 daga hari guda.

Alhali kuwa hukuncin faɗa tsakanin Musulmi a bayyane ya ke. Suratul Hujurat ta umurci a sulhunta ɓangarori biyu na muminai in sun yi faɗa, in ɗaya ya ƙetare iyaka a yaƙe shi har ya dawo, sa'an nan a sulhunta da adalci, ba ta kuwa cire wa ko ɗaya sunan imani ba. Bayan Yaƙin Raƙumi a shekarar 656, Sayyadina Aliyu, Allah Ya yarda da shi, ya hana a ƙarasa mai rauni, ya hana a bi wanda ya gudu, ya hana a kama mata da yara. Da wasu suka yi gunaguni, an ruwaito ya tambaye su wane ne cikinsu zai yarda Uwar Muminai A'isha ta faɗo a rabonsa, kowa ya sunkuyar da kai. Daga wannan aiki nasa malamai suka ciro hukuncin 'yan tawaye: ko an tabbatar da tawayensu, ba a bautar da iyalinsu. Kanawan 1894 sun san wannan, yana cikin littattafan da a ke karantawa a zaurukan birni. Shekara 70 ta sabo da kamun maƙwabci ita ta rinjayi karatun.

Ƙasar da ta sha wannan rauni ba ta warke ba. A 1898 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya keto ƙasar Kano ta arewa har Gezawa. A 1899 Faransawa suka ci Zinder, a watan Fabrairu na 1903 Ingilishi suka ci Kano. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi ya kan bi.

Makamancin Haka A Wata Nahiya

Wannan sunna ta Allah ba ta keɓanta da ƙasar Hausa ba. A daidai zamanin da Tanimu ke mulki a Zinder, irin wannan wuta na ci a ƙasar Amurka, a wani yankin kan iyaka da a ke kira Kansas. A 1854 majalisar ƙasar ta yi doka cewa mazauna sabon yankin su za su zaɓa da ƙuri'a ko a yi bauta a cikinsa ko kada a yi. Sai masu son bauta suka riƙa tsallakowa daga jihar Misuri da bindigogi suna cika akwatunan zaɓe, masu ƙinta kuma suka yi ta ƙaura daga arewa, su ma da makamai. A watan Mayu na 1856 masu son bauta suka far wa garin Lawrence suka yi ɓarna. Bayan 'yan kwanaki wani mai tsananin ƙin bauta, John Brown, ya fita da dare da 'ya'yansa da mabiyansa suka kashe mutum 5 don ramuwa. A cikin makon nan kuma wani ɗan majalisa ya doki wani da sanda a zauren majalisar dattawa har ya suma, saboda jawabin da ya yi a kan Kansas. Shekara 5 bayan haka, a 1861, basasa ta ɓarke, ta ci rayuka fiye da 600,000 kafin ta ƙare a 1865.

Akwai bambanci, bambancin kuwa abin sunkuyar da kai ne ga wanda ya san darajar addininsa. A Kansas gardamar ita ce ko bauta ta ci gaba ko ta mutu, basasar Amurka kuma, duk da muninta, ta ƙare da 'yanta bayi kusan miliyan 4. A iyakokin ƙasar Hausa gardamar ba ta wuce wa ya halatta a kama ba, Basasar Kano kuwa sarki kawai ta sauya, kasuwar bayi ta ci gaba da ci. Sai da Turawa suka zo aka rufe ta. Gwamna Lugga ya yi shela cewa duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, manya kuma aka bar su su fanshi kansu ta hanyar murgu da kotun alƙali, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ba tausayi kaɗai ya sa Turawa suka yi haka ba, su da kakanninsu suka kwashi miliyoyin mutane ta teku, suka kuma zo da nasu aikin tilas. Amma laifin Bature ba ya wanke na ɗan gida. Al'ummar da ke riƙe da hadisin Buhari da fatawar Ahmadu Baba da wasiƙar Shehu ba ta rasa hujjar hana sayar da ɗa ba. Abin da ya yi mata ƙaranci shi ne masu tsayawa a kan hujjar sa'ad da riba ke wajen saɓa mata.

Tsohuwar Igiya A Sabon Hannu

A yau ƙasashen Musulmi sun shiga alkawarin duniya na hana bauta, cika alkawari kuwa wajibi ne a shari'a, saboda haka 'yar ƙofar nan ma ta rufu. Amma cin kuɗin ɗa bai mutu ba. A 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makaranta a Chibok, jagoran masu satar ya fito yana alfahari zai sayar da su a kasuwa, yana kuma jingina hakan ga addini. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, a watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe. Wanda ya kama mutum ya sa masa farashi ya karɓi kuɗi, ya sayar da ɗa, ko da uban ɗan ne mai saye. Mai kai labari, da mai kai abinci da mai daji, da mai sayen shanun sata da araha, kowanensu ya gaji kujerar dillalin da.

Tarkon suna ma ya dawo. Wani ya kashe makiyayi a kasuwa don kawai Bafulatani ne, ya ce ai duk ɗaya su ke. Wani ya ƙone ƙauyen manoma don kawai Hausawa ne, ya ce ramuwa ya ke yi. Dukkansu kuwa sun yi sallar asuba. Mutanen birni sun daɗe suna ɗaukar abin na ƙauye ne, har a watan Maris na 2022 aka tare jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna, aka kashe wasu, aka tafi da wasu daji, ba a tambayi kowa muƙaminsa ba. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali ya kan shafa wa nasa ruwa, amma wanda ya fi hankali shi ne ya tashi ya kashe wutar tun tana can.

Akwai kuma wani bashi da ya rage a cikin gidaje. Har yanzu a kan sami mai hana aure ko mai yin gori da cewa wane asalinsa bawa ne. Mai wannan gori ya sani, mai yiwuwa ne kakan wancan ɗa ne Musulmi, watakila ma almajiri da allonsa, wanda aka sace a bakin gona aka sayar bisa zalunci, mai yiwuwa ne kuma kakan mai gorin shi ne ya biya kuɗin ko ya ci la'adar. In haka ne, wa ya kamata ya ji kunya? Ɗan wanda aka zalunta, ko kuwa ɗan wanda Allah Ya ce zai yi shari'a da shi?

Amsar tambayar farko dai ta fito. Zaluncin da aka bari a gefe ba ya kwana a gefe, domin hannun da ya koye shi da bakin da ya halatta shi da kasuwar da ta ci ribarsa duk a tsakiyar gari su ke. Wajibi ne ga shugaba ya ƙirga talakan kan iyaka cikin amanar da za a tambaye shi, ga malami ya faɗi hukuncin Allah tun kafin a tambaye shi, ga kowane Musulmi kuma ya kiyayi harshensa daga cire wa jama'a guda sunan imani ko na mutunci, domin da irin wannan kalma a kan fara tufka igiya.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka tafi da su ba a san inda kaburburansu su ke ba, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai a yau, Ya shirya shugabanni da malamai, Ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.